Makonni shida na farko: yadda ake zaunar da yaro a firamare a Zangon Kumasi

Makarantun gwamnati a Ghana suna buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba, kuma a ranar farko jami'an hukumar ilimi ta GES sukan zagaya su yi wa sababbin yara maraba. Wannan na yini ɗaya ne. Zaunar da ɗan shekara shida a aji ɗaya, har ya saki jiki, ya san bencinsa, ya daina leƙen ƙofa, aikin mako shida ne ko kusa da haka. Halin da ya ɗauka a wannan tsakanin da wuya ya sake shi kafin ƙarshen shekara. Bayanin nan na iyaye ne da masu riƙon yara da malaman aji ɗaya zuwa uku a Aboabo, Asawase, Sawaba, Akwatia Line da sauran unguwannin Zango.

Yawancin abin da ake kira rashin ji a yaro mai waɗannan shekaru yana da dalilin da ido zai iya gani. Ko barci bai ishe shi ba, ko yunwa ko fitsari ya matse shi, ko bai gane yaren da aka yi masa magana da shi ba, ko kuma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yin abin da ake yi masa tsawa a kai. In aka bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ainihin taurin kan da zai rage kaɗan ne, kuma shi ma da hanyarsa.

Barci da abinci

A Kumasi lokutan salla ba sa matsawa sosai duk shekara: asuba wajen biyar saura, magariba shida da 'yan mintoci, isha'i bayan bakwai. Wannan ya sauƙaƙa tsara yinin yaro. Likitocin yara sun sa barcin mai shekara 6 zuwa 12 tsakanin awa 9 da 12, na ɗan KG, wato ajin share fagen firamare, kuma awa 10 zuwa 13. In za a tashe shi biyar da rabi don wanka da karin kumallo, takwas da rabi ita ce iyakar kwanciyarsa, ɗan aji ɗaya ma gara takwas. A gidan haya mai ɗaki goma, inda talabijin ɗin maƙwabci ke yi har sha ɗaya, yara kuma na wasa a tsakar gida, wannan ba ya samuwa da kansa. Mako biyu kafin a buɗe makaranta, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti goma sha biyar duk bayan kwana biyu. A karɓe waya awa ɗaya kafin barci. Abubuwan dare su zo a jere iri ɗaya kullum: isha'i, wanke baki, addu'a, shiga gidan sauro. Yaron da barci bai ishe shi ba, ba lallai ya yi gyangyaɗi a aji ba. Sau da yawa tsalle-tsalle zai yi, ya tsokani na kusa da shi, ya fashe da kuka a kan fensir, malami ya ce fitinanne ne.

A sa awannin makarantar allo cikin lissafin. Yaron da aka tashi boko ƙarfe biyu, ya tafi wurin malam da la'asar, ya dawo da magariba ya tarar da aikin gida, wani ma ya koma karatun dare, ya fi mai shago a kasuwar Kejetia daɗewa a bakin aiki. Ba a ce a cire shi ba. A je a gaida malam tun kafin yaro ya fara fashi, a ce: "Allah gafarta Malam, yaron nan ya shiga aji ɗaya. Muna roƙo a riƙa sallamarsa da wuri zuwa wata biyu, Asabar da Lahadi kuma ya zo ya yi cikakke." Tsakanin boko da allo a bar masa awa ɗaya ta cin abinci da wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, don haka ƙwallon lungu ba ɓata lokaci ba ce. Aikin gida na aji ɗaya kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar. In ya kai ga kuka a rufe littafin, a gaya wa malamin aji da safe inda aka tsaya.

Koko zalla da sukari ba ya kai yaro ƙarfe goma. A haɗa masa da ƙosai ko gyaɗa, ko a ba shi shayi da burodi da ƙwai, ko wake da shinkafa. Shirin ciyar da 'yan makaranta da gwamnati ta fara a 2005 yana ba da dafaffen abinci sau ɗaya a yini, amma ba kowace makaranta ke ciki ba, kuma ko inda ake bayarwa ba da sassafe yake zuwa ba, wani lokaci ma a samu tsaiko. Kada a dogara da shi a tura yaro da ciki wayam. Kuɗin kashewa a hannun ɗan shekara shida kuwa fitina ce: ko ya ɓace, ko ya ƙare a alewa, ko wani babban yaro ya karɓe, shi kuma ya yi shiru don an tsorata shi. Mafi sauƙi a biya mai abincin makaranta na mako guda, a nuna mata yaron ido da ido. Ruwa kuma kwalba mai murfi da sunansa a jiki, ko ruwan leda biyu, kowanne rabin lita.

Ban-ɗaki

Wannan ce maganar da ba a son yi, kuma ita ce ke hana yara da dama zama. Yaron Zango ya saba da buta. Sai ya je makaranta ya tarar da ban-ɗaki ba ruwa, ko ƙofa ba sakata, ko rami mai faɗin da yake tsoron faɗawa, ko manyan yara tsaye a bakin wurin. Dabarar da zai yi ita ce ya daina shan ruwa ya riƙe fitsari daga bakwai na safe har biyu. Daga nan ake samun mutsu-mutsu a benci da ciwon kai da bushewar ciki. Ranar da ya kasa riƙewa ya jiƙa wando, aji ya yi masa dariya, washegari ya tashi da ciwon ciki ya ce ba zai je ba. Iyaye su ce ƙiwuya ce.

Kafin ranar buɗewa, ko a ranar rajista, a kai shi ya ga ban-ɗakin da ƙafarsa, ya buɗe ƙofar ya rufe, a nuna masa inda zai sa ƙafa. A sa masa ƙaramar buta ko wata kwalba daban ta tsarki. A ajiye kamfai da wando na canji a leda cikin jakarsa, a gaya wa malamar aji suna nan. Shi malami ya sa wa aji duka lokacin zagayawa, bayan taron safe da ƙarshen kowane hutu, sannan ya ba da alamar hannu guda ɗaya da yaro zai yi ba sai ya yi magana ba. Ɗan aji ɗaya ba a hana shi fita fitsari. In ana tsoron su mai da abin yawo, a riƙa barin ɗaya-ɗaya, wani ya dawo kafin wani ya fita. In tsautsayi ya faru, a ba sauran aji aiki a kan allo, a fitar da yaron a hankali ya canza, kada a sake ta da maganar. Bokitin wanke hannu mai famfo, wanda ake kira bokitin Veronica da sunan 'yar Ghana Veronica Bekoe da ta ƙirƙiro shi, yana nan a makarantu da yawa, amma sau da yawa a bushe. A rubuta wanda zai cika shi kowace safiya, sabulu kuma a ɗaure shi cikin raga a jikin bokitin don kada ya yi ƙafa.

Suna, yare da hannu

A gidajen Hausawa yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa da sunan yanka. Rajista ta ce Abdul Rashid, shi kuwa tun da aka haife shi Baba yake ji, ko Ɗanjuma, ko Tanko. Ita Lami ce ko Azumi, takarda ta ce Khadija. Malami ya kira suna sau uku ba a amsa ba, ya ɗauka raini ne ko kurumta. Iyaye su riƙa kiran yaron da sunan rajista kamar wasa mako guda kafin a buɗe, ko su sa wani a gidan ya yi in su suna jin nauyi. Malami kuma ya rubuta sunan gida da fensir a gefen na rajista.

Manufar gwamnati ita ce a koyar da yara daga KG zuwa aji uku da harshen yankin, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Hausa ba ta cikin harsunan da aka amince da su, don haka a Kumasi Tonanci ne, wato Twi na Asante. Yaran Zango da yawa suna jinsa tun daga lungu da kasuwa. Amma wanda ya tashi a cikin gida wurin kaka, ko aka kawo shi riƙo daga Bawku ko Yendi ko Nijar, yana iya zuwa aji ba Tonanci ba Turanci. A makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na GES, wanda aka kafa a 1987, akan samu malamin da ke jin Hausa. A sauran kuwa sa'a ce. Jimloli huɗu sun isa a fara da su, a koya masa su da Turanci da Tonanci har su zauna a bakinsa: ina son fita fitsari, ina jin ƙishirwa, ba ni da lafiya, ban gane ba. Ya san buɗe roƙo da "mepa wo kyɛw", wato "don Allah" da Tonanci, don manyan Asante suna lura da wannan. Malami ya zaunar da shi kusa da yaron da ke jin Hausa da Tonanci, ya kuma ba wannan abokin izini a fili ya riƙa fassara masa da murya ƙasa-ƙasa. Hukunta yaro don ya yi Hausa a aji ba ya ƙara masa Turanci ko kalma ɗaya. Bakinsa kawai yake rufewa.

Akwai abu biyu na rubutu da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Yaron da ya fara allo ya saba farawa daga dama, don haka zai iya fara layin boko daga dama, ko ya juya b ta koma d. Juya baƙaƙe abu ne da aka saba gani har wajen shekara bakwai. A ɗiga masa ɗigo babba a gefen hagu na kowane layi a ce daga nan ake tashi. Cikin 'yan makonni zai rabe biyun. Na biyu bahago. Hausawa da Tonawa duk ba sa son a miƙa abu ko a ci abinci da hagu, kuma ana iya koya wa yaro wannan ladabi ba tare da an taɓa hannun rubutunsa ba. Tilasta masa rubutu da dama yana jawo jinkiri da mummunan rubutu da ƙin fensir. A zaunar da shi a ƙarshen hagu na benci don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa, wanda shi kansa tushen faɗa ne kullum.

Bakin ƙofar makaranta

Sallama ta zama gajera, minti ɗaya ko biyu, da magana iri ɗaya kullum: "Ga Madam nan. In an tashi Yaya Hawa za ta zo ta ɗauke ka, ku tarar da ni a gida." A faɗi gaskiyar wanda zai zo, kuma ya zo a kan lokaci, musamman makon farko. Sulalewa a ɓoye in yaro ya juya baya tana ƙara masa manne wa zani gobe. Tsayawa a taga ana leƙe ma haka. Mafi muni shi ne tsoratarwar da ake yi tun a gida, "bari ka shiga makaranta, ticha zai gyara ka", don an riga an gaya masa wurin azaba za shi. Kukan rabuwa na mako ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne in yana tsayawa jim kaɗan bayan uwa ta tafi. A tambayi malama minti nawa yake ɗauka. In ya wuce mako huɗu, ko ciwon ciki na zuwa ranar Litinin ya ɓace ranar Asabar, akwai abin da yake gudu, sai a bincika.

Hanya kuma a bi ta da shi aƙalla sau biyu, a tsai da wuri guda na tsallaka titi. Yaro ƙasa da shekara tara ko goma bai iya auna gudun abin hawa ba, ga babura masu ƙafa uku, pragya da aboboyaa, suna kutsawa ta inda ba a zata. Wa ko ya mai aji biyar ko shida ya riƙe masa hannu. Zangon karatu na farko yana haɗuwa da ƙaramar damina ta Satumba zuwa Nuwamba, kuma masu zama kusa da rafin Aboabo sun san yadda kwata ke cika cikin ɗan lokaci. A gaya wa yara in ruwa ya sauko lokacin tashi su zauna a makaranta har a zo. In an dawo gida, "me kuka yi yau?" amsarta "ba komai" ce. A tambaya da wa ya zauna, me ya ci, wa ya yi kuka yau.

Mako biyun farko a hannun malami

Malamin da ya buɗe manhaja ranar farko zai yi shekara yana tsawa. Mako biyun farko a ba tsarin aji rabin lokaci. Shiga aji, jeruwa, rarraba littattafai, feƙe fensir, neman izinin magana, tashi hutu: kowanne darasi ne. Malami ya yi da kansa su gani, ya sa yara biyu su gwada, sannan aji duka su yi, a maimaita kullum har ya zama ba sai an faɗa ba. In an yi shi a hargitse, a koma a sake cikin sanyin murya, ba a matsayin horo ba. Alamar yin shiru ta zama guda ɗaya, misali tafi uku su amsa da biyu, kuma malami ba ya fara magana sai kowa ya yi tsit. Wanda ya yi magana a kan hayaniya ya koya musu cewa alamar ba ta da amfani.

Dokokin aji uku zuwa biyar sun isa, a faɗe su da abin da ake so a yi: muna ɗaga hannu, muna tafiya a hankali a cikin aji, hannunmu a jikinmu. A zana hoton kowace, don ba su iya karatu ba tukuna. Jadawalin yini ma a yi shi da hotuna a bango, a riƙa nuna inda ake da abin da ke tafe. Yaron da ya san bayan lissafi hutu ne ya fi iya daurewa. Ɗan shekara shida ba ya zaman sauraro fiye da minti goma zuwa sha biyar, don haka a tsinka darasi da waƙa ko miƙewa ko aikin hannu. A ajin da ya cika, inda yara uku ke kan bencin mutum biyu, na baya da na lungu su ne ke ɓacewa daga idon malami. A riƙa juya layuka duk Litinin, ban da masu matsalar gani ko ji da za su dawwama a gaba. Tsayawa a ƙofa da safe a gaida kowane yaro da sunansa minti biyar yake ci, kuma nan ne ake gane wanda ya zo da zazzaɓi ko da kuka.

Yabo ya faɗi abin da aka yi. "Yaron kirki" ba ya koya wa kowa komai. "Fusaini ya ɗaga hannu ya jira, madalla" ya gaya wa aji duka abin da ake so. A yi ƙoƙari yabo ya ninka tsawa sau huɗu ko biyar, kuma yaron da ya fi wahalarwa a kama shi yana yin daidai tun kafin ƙarfe tara. A ba kowa ɗan aiki: goge allo, rarraba alli, cika bokiti, a riƙa juyawa. Aiki guda da bai kamata a ba yaro ba shi ne rubuta sunayen masu surutu in malami ya fita. Yana haifar da gaba, da cin hancin alewa, da ramuwa a hanyar gida.

In an ajiye bulala

GES ta hana duka a makarantu a 2017, a farkon 2019 kuma ta umarci a koma ga kundin ladabtarwa ba da duka ba, wanda ya jera matakai daga rigakafi zuwa manyan laifuka. Malamai da yawa sun ajiye bulala ba su ɗauki komai a madadinta ba, shi ya sa ake jin ana cewa yara sun lalace. Abin da ke maye gurbinta shi ne matakan da yaro ya sani tun kafin ya yi laifi, kuma ake bi iri ɗaya kullum. Farko kallo. Sai malami ya matsa kusa da bencin yana ci gaba da darasi. Sai ya sunkuya ya kira sunan a hankali ya faɗi dokar. In bai bari ba a ba shi zaɓi: "Ka ajiye murfin kwalbar a jaka, ko ka ba ni in riƙe maka har a tashi." A juya a ba shi 'yan daƙiƙu, don yaro ma ba ya son a ga ya sauko a gaban jama'a. Bayan wannan canjin wurin zama, sannan zaman natsuwa a kujerar da ke gefe cikin aji inda malami ke ganinsa, kimanin minti ɗaya ga kowace shekara ta haihuwarsa. In ya ƙare, a tambaye shi me ya faru da abin da zai yi in an sake, ya koma wurinsa, magana ta mutu. Horon ya dace da laifin: wanda ya zubar ya share, wanda ya yaga ya liƙe, wanda ya doki wani ya ba da haƙuri ya kuma yi wasan hutun nan kusa da malami.

Durƙuso da ɗaga hannu, tsallen kwaɗo, jan kunne, tsayuwa a rana, sa aji su yi wa yaro ihu, duk duka ne da wani suna. Hana abinci ko ban-ɗaki ba horo ba ne. Hukunta aji duka saboda mutum biyu yana koya wa masu natsuwa cewa natsuwar ba ta da riba. Makara kuwa a aji ɗaya laifin babba ne: yaron da aka aika ɗiban ruwa ko kai kokon sayarwa ba shi ya tsara safiyarsa ba, da gida za a yi magana.

A sa rai abu zai ƙara ɓaci kafin ya gyaru. Yaron da ya saba da bulala a gida ko a allo, in ya ga malamin da ba ya duka, zai gwada shi mako ɗaya ko biyu ya ga iyakarsa. Nan ne malamai ke karaya su ce hanyar ba ta aiki. In aka riƙe matakan ba canji, gwajin yana raguwa. In aka bi su yau gobe aka yi ihu, yaro ya gane da sauran wurin taɓawa. Uban da ya zo ya ce "Ticha, ka doke shi, ni na ba ka izini" da kyakkyawar niyya ya zo, amma izininsa bai ɗage dokar hukuma ba. A zaunar da shi a ce: "Alhaji, ga abin da muke yi a aji, ga abu ɗaya da muke so a yi a gida." Abu ɗaya tak, misali kwanciya ƙarfe takwas. Kuma kada saƙon farko da gida zai samu ya zama ƙara. Cikin mako biyun farko a aika wa kowane gida labari mai daɗi guda, da saƙon murya ta WhatsApp in mai riƙon ba ya karanta Turanci. A tabbatar lambar da ke rajista ta wanda yaron ke kwana a hannunsa ce, kaka ko goggo, ba ta uban da ke tafiye-tafiye ba.

Wanda bai zauna ba bayan mako shida

A buɗe masa shafi a yi kwana goma na makaranta ana rubuta abu huɗu duk lokacin da ya yi: ƙarfe nawa, me ake yi kafin nan, me ya yi, me ya biyo baya. Shafin yakan nuna dalilin da kansa. In kullum kafin hutu ne, a duba yunwa. In lokacin kwafe daga allo ne, a duba ido, musamman in yana ƙanƙance idanu ko yana tasowa gaba. In ba ya amsawa sai ya ga bakin mai magana, ko kunnensa na ruwa, a kai a duba ji. In Litinin ce, a duba daren Lahadi. In fitinar kullum tana sa a fitar da shi daga darasin karatu, to darasin yake gudu, kuma fitarwar lada ce a wurinsa. Yaron da ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu ido a buɗe, a kira shi bai ji ba, sau da yawa a yini, yana iya zama wani nau'in farfaɗiya ne, likita ya kamata ya gani. Mai i'ina a bar shi ya ƙarasa maganarsa, kada a ƙarasa masa. Kasala da farin ido na iya zama ƙarancin jini ko tsutsar ciki. Zazzaɓi a gwada jini kafin a sha maganin maleriya, katin inshorar lafiya na NHIS kuma a duba bai mutu ba tun kafin a buɗe makaranta.

Sikila tana bukatar kulawa daban. Kimanin jarirai biyu cikin ɗari a Ghana da ita ake haifarsu, kuma a nan Kumasi aka fara gwajin jarirai a 1995, don haka iyaye da yawa sun san matsayin ɗansu amma suna ɓoye wa makaranta. A gaya wa malamin aji da malamin da ke kula da shirin lafiya na makarantar. Irin wannan yaro kwalbar ruwansa tana kan tebur, yana fita fitsari duk lokacin da ya so, ba ya shan ruwan sama, lokacin hunturu yana sa rigar sanyi a kan yunifom, kuma in ya ce ƙashinsa na ciwo ko jikinsa ya yi zafi a kira gida nan take. In azumi ya faɗo cikin zangon karatu, a tuna azumi bai hau kan ɗan aji ɗaya ba. Mai sha'awa ya gwada rabin yini ranar Asabar, sahur da tarawihi kuma kada su cinye masa barcin ranakun makaranta.

Akwai alamun da ba a jira kwana goma a kansu: yaro mai fara'a ya koma shiru farat ɗaya, fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina, tabo ko rauni da bayaninsa bai yi daidai ba, tsoron wani mutum guda ko wani lungu na makaranta, ko maganar manya da ta fi ƙarfin shekarunsa. A saurare shi a keɓe, ba tsawa ba tambayar da ke sa masa magana a baki, kada kuma a yi masa alkawarin ɓoyewa. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa da kwanan wata, a kai wa hedimasta ranar. In abin ya shafi wani ma'aikacin makarantar, ko an kai ba a motsa ba, a wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma. Mutanen Aboabo da Asawase nasu na Asokore Mampong ne. Duka mai rauni ko taɓa yaro ta hanyar lalata kuwa ba maganar sulhun cikin gida ba ce. Dokar yara ta 1998 ta ɗora wa duk wanda ya sani ya kai rahoto ga ofishin jin daɗin jama'a, sashen DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da ƙararrakin cin zarafi a gida, ma yana karɓa, kuma a kai yaron asibiti a ranar.